Yadda ake ceto itatuwan marmari na gida da 'ya'yansu bayan iska ta yi ɓarna

Hadari ya taso da dare, iska ta kwana tana kaɗawa. Gari na wayewa ka zagaya bayan gida, sai ka tarar reshen mangwaron da ya fi kowanne ɗaukar 'ya'ya yana reto a jikin uwarsa, ƙasa ta yi kore shar da ɗanyun 'ya'ya, lemon da ka dasa bara waccan ya kishingiɗa, saiwarsa a waje. Wanda bai taɓa rainon bishiya ba ba zai san zafin wannan ba. Ban ruwan shekaru da jiran shekaru ne suka zube a dare ɗaya.

Abin da akasarinmu muke fara yi shi ne mu durƙusa tsintar 'ya'ya muna jimami, daga nan a ɗauko adda a hau sara. A ganina an sa aikin a baibai ke nan. Ɗan da ya faɗo ya riga ya faɗo, zai jira ka har yamma. Saiwar da ke waje tana shan rana kuwa ba ta da wannan haƙurin. Saboda haka ga yadda ya kamata aikin ya bi: ranka tukuna, sai saiwa, sai raunukan ganga da rassa, 'ya'ya su zo daga baya. Kuma ka sa a ranka tun yanzu cewa wata bishiyar ba za ta tsira ba sai ka haƙura da 'ya'yanta na bana.

Kafin ka taɓa komai

Ka bari iskar ta kwanta sarai, sannan ka tsaya daga nesa ka ɗaga kai. Abin da za ka fara nema shi ne wayar lantarki. In reshe ya faɗa kanta, ko ita ta faɗo kan bishiyar, kada kowa a gidan ya kusanci wurin ko da an ɗauke wuta, domin tana dawowa ba sallama, kuma jiƙaƙƙen icce yana ɗaukar lantarki. Wannan aikin ma'aikatan wuta ne. Sai karyayyen reshen da ya maƙale a sama bai faɗo ba, irin wanda ke faɗo wa mutum a ka yana tsakar tsinta. Ka janye yara daga ƙarƙashi, ka jawo shi da doguwar sanda mai ƙugiya kana tsaye a gefe. Akwai kuma reshen da ya lanƙwashe saboda wani abu ya danne shi. Wannan baka ne da aka ɗana, zarto na shiga cikinsa zai zabura ya make ka. Duk aikin da zai sa ka hau tsani da zarto a hannu a kan babbar bishiya, ka nemo wanda sana'arsa ke nan.

Ka tanadi zarto mai kaifi, almakashin datse rassa, wuƙa, shebur, igiya, turaku uku, buhunan algarara ko tsummoki, guntayen tsohon tiyo ko robar tiyub, da ruwa mai yawa. Da gangan ban sa adda a ciki ba. Adda tana farfasa icce ta bar baki kaca-kaca, ruwa ya kwanta a ciki, ruɓa ta samu ƙofa.

Wacce za ta rayu?

Kowace bishiya ka duba ta daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama zuwa ƙasa ba, ko da yake ɓarnar sama ce ke fara cika ido.

Ka je ɓangaren da iskar ta fito ka dubi ƙasar gindi. In ta tsattsage, ko ta kumburo, ko ka ga rata tsakanin gangar bishiyar da ƙasa, saiwoyi sun motsa ko sun tsinke. Dafa gangar ka jijjiga a hankali. Bishiya mai ƙarfin gindi samanta ne ke motsi. In ka ga ƙasar tana ɗagawa tana sauka tare da ita, ciwon yana ƙasa.

Sai gangar kanta. Tsagar da ta ratsa har zuciyar icce galibi ba ta da magani. In ɓawo ne ya saluɓe, ka auna shi da zagayen gangar. A ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya sarrafa yake bi ya sauka wurin saiwa, don haka in fiye da rabin zagayen ya tafi, rayuwar bishiyar ta shiga wuya. In ƙasa da rubu'i ne, za ta rufe shi da kanta.

A sama kuma, muddin manyan rassa suna nan kuma rabin ganyen ko fiye ya tsira, ka kwantar da hankalinka. In ɓarnar ta wuce rabi, kada dai ka yi saurin yanke mata hukunci. Mangwaro da gwaba da lemo itatuwa ne masu taurin rai, sukan yi toho daga tsohon icce har ka yi mamaki. Ka ba su wata shida zuwa shekara.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: bishiya mai aure, ka nemi mahaɗin auren, wato ɗan kumburin nan ko karkacewar da ke kusa da gindi. In ta karye a samansa, tohon da zai fito irin da kake so ne. In a ƙasansa ta karye, abin da zai fito na gindin da aka yi auren a kansa ne, 'ya'yansa daban, sau da yawa masu tsami ko zare. Sai dai ka bar toho ɗaya ya yi ƙarfi a sake yi masa aure.

Tayar da wadda ta kwanta

Nan ne aikin gaggawa yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Bishiyar da ake sa ran tayarwa ita ce wadda kaurin gangarta bai wuce santimita 10 ba daga gefe zuwa gefe, irin wadda hannuwanka biyu za su zagaye, kuma aƙalla rabin saiwoyinta suna riƙe a ƙasa. Wadda ta fi haka girma, ko an tayar da ita, sau da yawa gindinta ba ya sake kamawa kamar da. In tana kusa da ɗaki ko wurin wasan yara, ni dai ba zan ba da shawarar barinta ba.

Da farko ka jiƙa buhuna ka lulluɓe saiwoyin da ke waje. Ka yi wannan tun kafin ka nemo masu taimako. Ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi su ne ke shan ruwa, kuma su ne ke fara mutuwa in rana da iska suka same su.

Sannan ka sauke mata kaya. Ka cire 'ya'yan duka, ka datse rassan da suka karye. Na san ciwon tsinke ɗanyun 'ya'ya da hannunka daga bishiyar da ka raina. Amma wadda ta rasa rabin saiwarta ba za ta iya shayar da ganye, ta ciyar da 'ya'ya, ta kuma yi sabuwar saiwa a lokaci guda ba. In ka bar mata su, ko dai ta zubar da su da kanta bayan mako biyu, ko ta ƙarar da ƙarfinta a kansu ta bushe.

Yanzu ka ɗauki shebur. A ɓangaren da saiwar ta tuge, ka haƙa ramin da zai karɓi dunƙulen saiwar ya koma zurfinsa na da, domin ƙasa ta riga ta rufta cikin gurbin. A ɓangaren da ta faɗa ma ka ɗan sassauta ƙasar ƙarƙashin gindi ba tare da ka sari saiwa ba. Mutane sukan tsallake wannan mataki su taru su tura da ƙarfi, sai saiwoyin da suka tsira daga iska su tsinke a hannun masu ceto. Saiwar da ta farfashe, ka yanke bakinta sumul da almakashi ko zarto, domin daga yankakken baki mai kyau sabuwa take fitowa.

In ƙasar ta bushe ka jiƙa ta tukuna. Sai mutum biyu ko uku su ɗaga daga ƙasa, wani yana jan igiyar da aka ɗaura a kan tsumma don kada ta goge ɓawo. Kaɗan-kaɗan ake yi: a ɗaga, a tokare da gwafa, a huta, a ƙara. Da ka ji saiwa na ƙara a ƙarƙashin ƙasa, a tsaya nan. Bishiya mai ɗan karkata da ranta ta fi miƙaƙƙiya da ta mutu.

Ka mayar da ƙasar da ka haƙe, ita ɗin dai, ba tare da taki ba. Kana zubawa kana dannawa da ƙafa a hankali, kana bi da ruwa don ya cike kogunan da iska ta maƙale a ciki. Ka lura da zanen da ƙasa ta bari a jikin gangar, nan ne iyakarta ta da. Kada ka tula ƙasa sama da shi da nufin ƙara mata ƙarfi. Tulin ƙasa a jikin ganga ruɓa yake kawowa, musamman ga lemo, kuma bai kamata mahaɗin aure ya shiga ƙasa ba.

Ka kafa turaku uku a kewaye, tazararsu daidai, nesa da dunƙulen saiwar, ɗaya yana fuskantar inda iska ta saba fitowa. Ka zura kowace igiya cikin guntun tiyo a inda za ta taɓa icce, ka ɗaura a saman mararrabar rassan farko don kada ta zame. Kada ka ɗame igiyoyin tamau. Gindin ne ake so ya tsaya cik, saman kuwa ya samu ɗan motsi. Daga nan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 a kan saiwar, ka bar kamar taƙi ɗaya fili a kewayen gangar.

In babu ruwan sama, ka ba ta ruwa mai ratsa ƙasa sau biyu a mako, amma ka riƙa cusa yatsa ka ji: danshi ake so, ba caɓi ba, domin saiwa mai rauni saurin ruɓewa take yi a cikin ruwa. Taki kuma, musamman na zamani, ka jinkirta shi har sai ka ga sabon toho ya fito ya yi ƙwari. Gishirin da ke cikinsa yana ƙona saiwar da ta ji ciwo. Igiyoyin za su zauna wata shida zuwa shekara. Duk wata ka duba su ka sassauta wadda ta fara nutsewa cikin ɓawo.

Wadda ba ta faɗi ba, girgiza kawai ta sha har rami ya buɗe a kewayen gindinta, ka cike ramin, ka danne, ka ba ta turke. In ka bar shi, ruwa zai taru a wuyanta.

Rassan da suka karye

Reshen da ya karye ba a barinsa da tsinin bakinsa. Ka bi shi baya zuwa inda wani reshe mai lafiya ya fito ka yanke a nan, ko ka cire shi daga tushe. In mai nauyi ne, yanka uku ake yi masa, don kada nauyinsa ya saluɓe ɓawon ganga yayin faɗuwa. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga ganga, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, 'yan santimita gaba da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku shi ne cire guntun da ya rage.

Yankan ƙarshen nan shi ne komai. Ka dubi inda reshe ya haɗu da ganga, za ka ga ɗan kumburi ya zagaye shi kamar wuyan riga. Ka yanke dab da wajen kumburin. Kada ka shafe shi daidai da ganga, kada kuma ka bar dogon kututture. Daga wuyan nan ne sabon nama zai naɗo ya rufe raunin. In ka yanke wuyan ka buɗe wa ruɓa hanya zuwa zuciyar bishiyar, in ka bar kututture kuma naman ba zai iya haye shi ba.

Za a ce maka ka shafa kwalta, ko baƙin mai, ko fentin mai a bakin raunin. Kada ka yi. Alex Shigo, masanin itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana bin sawun ruɓa a cikinsu, kuma aikinsa na shekarun 1970 da 1980 ya nuna shafe-shafen nan ba sa hana ruɓa. Bishiya ba ta warkewa irin ta fatar mutum. Killace wurin da ya ji ciwo take yi daga ciki, ta gina sabon icce a kansa. Abin da take so daga gare ka shi ne yanka sumul da zai bushe. Abin da ya fi shafe-shafe amfani shi ne tsabtar kayan aiki: ka goge zarto da almakashi da sifirit kafin ka koma wata bishiyar, ko ka tsoma su cikin bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, sannan ka ɗauraye ka shafa mai don gudun tsatsa.

Akwai jarabar da ke kama mai zarto bayan hadari, wato son daidaita bishiya. Gefe ɗaya ya tafi, sai ka ji kamar ka rage ɗayan don su zo daidai. Ka danne zuciyarka. Duk ɗanyen ganyen da ya rage shi ne ke ciyar da ita a wannan halin. Karyayye da tsagagge kawai za ka cire bana, gyaran siffa ya jira baɗi. Ko a lokacin lafiya ba a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a shekara ɗaya.

Ƙaramin reshen da ya tsage amma fiye da rabinsa yana riƙe, in ka same shi da ɗanyensa a ranar, yana iya haɗewa. Ka cire 'ya'yan da ke kansa, ka ɗaga shi bakin tsagar ya haɗu, ka naɗe da roba ko ƙyalle, ka tokare shi daga ƙasa. Bayan wata biyu zuwa uku ka kwance ka duba. Inda kuma manyan rassa biyu suka rabu suka ɗan tsage, ana jawo su su haɗu, a huda su da injin huda, a zura ƙusa mai zare, a sa washa da noti a kowane gefe. Icce zai haɗiye ƙarfen ya ci gaba da girma. Abin da ba a yi shi ne zagaye su da waya. Na taɓa rasa rabin wata gwaba ta wannan hanyar: wayar ta riƙe tsagar, amma kafin shekara biyu ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe reshen.

Ɓawon da ya ɗago bai rabu ba, in cikinsa na da danshi, ka mayar da shi gurbinsa ka naɗe. Wanda ya bushe, ka gyara bakinsa da wuƙa mai kaifi har inda yake manne da icce, kada ka faɗaɗa raunin.

Sai ƙunar rana, wadda kan zo daga baya ba a lura ba. Rassan da suka saba zama a inuwa, in saman ya tafi, rana takan ƙona ɓawonsu ya tsage. Lemo da fiya da mangwaro sun fi shan wannan. Ka gauraya farin fenti na ruwa da ruwa rabi da rabi ka shafa a bayan rassan da suka fito fili. Wannan a kan lafiyayyen ɓawo ake shafa shi, ba a bakin rauni ba.

Ayaba da gwanda

Waɗannan biyun dokarsu daban. Jikin ayaba ba icce ba ne, gindin ganye ne da suka naɗe juna, kuma kowace sau ɗaya take haihuwa. In ta karye a tsakiya ta gama. Ka sare ta, ka yayyanka jikin ka shimfiɗa a gindi, ka bar tsiro ɗaya mai ƙarfi ya gaje ta. In karkacewa ta yi da nononta, ka tokare wuyan nonon da gwafa biyu da suka gicciye, a ɓangaren da ta rinjaya. Ganyen da iska ta yayyaga kuwa ka bar shi, muddin kore ne yana aikinsa.

Gwanda cikinta kogo ne, shi ya sa take karyewa farat ɗaya. Ka yanke ta sumul a ƙasan inda ta karye, ka kifa gwangwani a kan bakin don kada ruwa ya cika kogon. Za ta fitar da toho a gefe. Ka bar biyu ko uku masu ƙarfi ka cire sauran.

'Ya'yan

Yanzu ne lokacinsu. Ka tsince duk wanda ke ƙasa a ranar, ka raba su uku.

Kashi na farko waɗanda suka ƙosa kuma ba su fashe ba. Mangwaro, ayaba, gwanda, gwaba, fiya da tuffa suna ƙarasa nuna bayan sun bar uwa, saboda iskar etilin da suke fitarwa da kansu, amma da sharaɗin sun ƙosa. Mangwaron da kafaɗunsa suka cika, ka yanka ɗaya ka ga ƙwallon ya yi tauri, naman kusa da shi ya fara rawaya, sauran za su nuna. Ayaba in kusurwoyinta sun fara shafewa ta yi kauri. Gwanda in ɗan zanen rawaya ya bayyana a jikinta. Ka wanke su, musamman ƙaron mangwaro da ke ƙona fatarsa, ka shanya a inuwa, ka jera ba tare da sun hau juna ba. In ka sa su cikin takarda ko kwali tare da nunanniyar ayaba ɗaya, nunar za ta yi sauri. Lemo da inabi da rumman kuwa yadda suka faɗo haka za su zauna, ba sa ƙara zaƙi komai jira.

Kashi na biyu waɗanda suka ƙosa amma suka bugu. Ka yanke wurin da ya bugu a yi amfani da sauran nan take, kada a haɗa su da lafiyayyu. Wanda ya fashe ya kwana a cikin taɓo, ko ya fara fumfuna, ka haƙura da shi.

Kashi na uku ƙanana da ɓatattu, kuma kada ka tara su a lungu ka manta. A cikinsu ne ƙudan da ke huda 'ya'yan itace ke zuba ƙwai, tsutsa ta fita ta shiga ƙasa, ta taso ƙuda ta koma kan waɗanda suka tsira a sama. Ka binne su zurfin rabin mita, ko ka ƙulle su a baƙar leda ka ajiye a rana mako guda.

Waɗanda suka rage a kan bishiyar da gindinta lafiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙaya ko reshe ya huda, ka cire. Wanda mariƙinsa ya murɗe, zai faɗo da kansa. Amma wanda ya samu ƙujewa kawai, ka bar shi. Tabon nan mai kaushi da ake gani a bayan lemo yakan samu ne tun ɗan yana ƙarami, ganye ko reshe yana goga shi, kuma bai wuce ɓawo ba. Cikinsa lafiya lau. In bishiyar ta rasa ganye da yawa, ka rage 'ya'yan gwargwadon abin da ta rasa: rubu'in ganye ya tafi, aƙalla rubu'in 'ya'ya su bi shi.

In lokacin fure ne iskar ta zo, kada ka ɗauka shi ke nan. Bishiya tana fitar da fure ninkin-ba-ninkin abin da za ta iya rainawa, kaɗan ne daga ciki ke zama 'ya'ya ko babu iska. Abin da ya fi cutarwa shi ne iskar da ta ɗauki kwanaki, domin tana busar da furen, kuma ƙudan zuma suna rage fita in gudunta ya kai kusan kilomita 25 a awa.

A makonni biyu zuwa uku na gaba ka sa ido kan cuta. Iska mai haɗe da ruwa tana yayyaga ganye ta kuma watsa ƙwayoyin cuta cikin raunukan. Haka gyambon lemo da baƙin tabon mangwaro suke yaɗuwa. In bishiyoyinka sun saba da irin wannan, feshin magani mai sinadarin jan ƙarfe da zarar ruwan da ke jikin ganye ya bushe yana taimakawa, bisa awon da ke jikin kwalbar. Tohon da zai ɓarke a bakin raunuka kuma, ka bar shi ya yi 'yan watanni yana ciyar da ita, sannan ka zaɓi biyu ko uku masu kyan tsayuwa ka cire sauran a hankali.

Kafin iska ta gaba

Ƙarfin da iska ke danna bishiya da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka biyu, dannawar ninki huɗu take yi. A ma'aunin da ake kira da sunan Francis Beaufort, jami'in sojan ruwan Birtaniya da ya tsara shi a 1805, iska mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa tana karya ƙananan rassa, mai 89 zuwa 102 kuma tana tuge itatuwa. Amma bishiyar da 'ya'ya suka yi wa nauyi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ta jiran iska ta kai haka. Ka ga ke nan ko kaɗan ka rage wa iskar gudu, ko ka rage abin da za ta kama, ka samu sauƙi mai yawa.

Ka riƙe bishiyar gida a tsayin mita uku zuwa huɗu, ka riƙa buɗe cikinta iska ta ratsa. Reshen da ya fito daga ganga a tsuke, kamar yatsu biyu a haɗe, shi ne ke tsagewa, domin ɓawo ne ya maƙale a tsakaninsu, ba icce ba. Mai ƙarfi shi ne wanda ya buɗe digiri 45 zuwa 60. Karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan zahirinta ake nufi: ka sa ɗan kara tsakanin ƙaramin reshe da ganga ya buɗe shi, wata shida ya isa ya zauna a haka.

Sabon dashe turke gajere yake so, a ɗaure shi a kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, ɗaurin ya gicciye tsakanin turke da ganga don kada su gogi juna, a cire bayan shekara. Rangajin da bishiya ke yi a iska shi ne ke sa gangarta kauri da saiwarta bazuwa. Wadda aka ɗaure tamau tun daga ƙasa har sama tsawo kawai take yi, ranar da aka kwance ta sai ta kwanta. Ban ruwa ma yana da hannu a ciki. Ɗan yayyafi kullum a jikin gindi yana tara saiwa wuri ɗaya. Ka riƙa zubawa a inda inuwar rassa ta ƙare, mai yawa, jefi-jefi, don saiwa ta bi shi waje da ƙasa.

Game da kariya, katanga ba ta yin abin da mutane ke zato. Iska takan tsallake ta ta faɗo a bayanta tana juyi. Shingen da ke barin kusan rabin iska ta ratsa, na shuka ko na raga ko na katako mai rata, ya fi ta aiki, kuma kariyarsa takan kai kusan ninki goma na tsayinsa. In na shuka ne, kada ya matso har ya yi wa itatuwan inuwa ko ya raba ruwa da su. Lungun da ke tsakanin gine-gine biyu kuma iska matsewa take yi a cikinsa ta ƙara gudu. Ba wurin ayaba ko gwanda ba ne.

Da 'ya'ya sun fara nauyi, ka rage masu cunkoso tun suna ƙanana. Ga tuffa, misali, tazarar santimita 15 zuwa 20 ake bari tsakanin ɗa da ɗa. Ka sa gwafa ƙarƙashin duk reshen da ya sunkuya, da tsumma a bakinta, kusa da inda nauyin ya taru ba kusa da ganga ba. Ranar da aka yi hasashen iska mai ƙarfi, ka tsinke duk abin da ya ƙosa, ka kwantar da itatuwan da ke cikin tukwane a gefen bango, ka ɗaure kwanon rufi da duk wani tarkacen da iska za ta iya ɗauka ta jefi bishiya da shi. In busasshiyar iska ce mai zafi, ka shayar da su kwana ɗaya kafin ta iso. In kuwa mai tafe da ruwa ce, ka bar ƙasar yadda take.